Tassa Arba'in Kafin Layya

Barmu, 9 ga Fabrairu 2025

Zuwa ga taubashina Bitrus maƙeri, Tawa.

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki, ina matarka Talatu da 'yan lakkol ɗin da take koya wa karatu? Mu nan lahiya lau muke, sai ƙafar Inna da ke tashi in anka yi sanyi.

Kada ka tsaya juya takarda kana tambayar wace ce. Ni ce Raƙiya ɗiyar Yunusu, jikar Alƙasum. Kakarka Kaltumi da anka kai aure Maradi ƙanwar kakana ce, uwa ɗaya uba ɗaya, saboda haka wasan da ke tsakanin uwayenmu mun gaje shi, ko ka so ko ka ƙi. Kai ne ka taho gaisuwar rasuwar Baba bara, ka zamna gindin rumbu ana yi maka magana kana ta murmushi, ashe ba ka jin komi. Isufu direba ya ce in ba ni son in yi ta ihu cikin wayar salula, in rubuta, don guduma ta cinye maka kunne. To ga shi na rubuta da ɗan karatun manya da na yi.

Gonar Baba ta tudu ta zama fako. Shekara huɗu ko ciyawa ba ta yi ba, in ruwa ya sauka gudu yake bisa kanta ya wuce. Yayana Muktari da ke Abijan ya aiko cewa wasu masu haƙar tsakuwa na son su saye ta. Ni na ƙi. Munka yi ta ja, har ya ce zai taho kahin Layya: in ya iske abu kore tsaye cikinta ya bar maganar, in ya iske ta yadda ya bar ta, a sayar. Ba a raba gonar ba, kuma shi ne babba. Bitrus, nan Baba ya koya mini riƙon hauya. Ba ni iya ganin mota ta shiga tana kwasarta.

Sana'ata rainon itace ne. Magarya mai aure, wadda anka haɗa da reshen mai manyan 'ya'ya, nike tayarwa cikin leda bayan ɗaki ina kaiwa kassuwa, kuma ina da arba'in da na hana kaina sayarwa. Dabarar da ta rage mini tassa ce. Arba'in nike bukata, faɗin kowace taƙi ɗaya da rabi, zurfi taƙi guda. Hannuna kaɗai ba ya iyawa sai da ƙarfenka, maƙerinmu kuwa ya tahi bariki tun kaka. Kai ka san abin da ya dace. Ka aiko ta hannun Isufu.

A gaida Talatu.
Raƙiya

Tawa, 2 ga Maris

Zuwa ga taubashiyata Raƙiya.

Salama da alherin Allah su tabbata gare ku. Sannunku da shiga azumi. Muna lafiya, Talatu tana gaishe ki, ta kuma ce a riƙa gasa wa Inna ƙafar da ruwan ɗumi.

Na gane ki sarai. Ke ce kika ba ni fura a ƙwarya kika ce in sha a hankali, mutanen Maradi ba su saba da mai kauri ba. Takardarki ta yi mini daɗi ƙwarai. Shekara biyu ke nan da aka turo Talatu koyarwa Tawa na biyo ta da gudumata, ba wanda ya taɓa kirana ɗan'uwa a ƙasar nan sai ke.

Ki yi haƙuri da jinkiri. Tun da kaya suka daina shigowa kamar da, sabon ƙarfe ya fi ƙarfina, dalmar liƙi kuma na neme ta na rasa. Shagona kwanakin nan gyaran murhu ne da hannun buta. Sai na bi gari ina tsintar tsofaffin tano, wato durom na ƙarfe, da manyan gwangwanayen mai, na fasa, na daddaƙe, na yanka daidai awon da kika bayar. Da yake ba dalma, ninke bakin gindin na yi da na jikin, na bubbuge har suka kama juna. Goma sha takwas na samu na gama, ga su nan ɗaure a buhu biyu. Sauran ashirin da biyu sai na ƙara samun tano.

Ban gwada su da ruwa ba. Famfon unguwarmu sai ya ga dama yake kawowa, kuma Talatu ta ce duk wanda ya taɓa mata randa don wasan gwangwani, ita da shi.

Gaskiya na yi ta tunanin me tasa arba'in za ta yi wa gona. Talatu ta ce wataƙila a ciki za ki dasa itacen. Na ce mata Adarawa irin su Raƙiya ba a tambayarsu dalili, kai dai yi musu abin da suka ce.

Naki,
Bitrus

Barmu, 6 ga Maris

Bitrus,

Gaisuwa da fatan kuna lahiya. Mu ma lahiya, sai dai cikina da ke ciwo don dariya, bayan na gama kuka.

Wayyo ni Raƙiya! Da Isufu ya sauke buhu na ji ƙarau ƙarau, na ce wagga wace irin diga ce mai ƙara? Na kwance, sai ga kwanoni sha takwas suna walƙiya, wata ma da hoton kwalbar mai a gindinta. Matan unguwa sunka taru. Zuhura maƙwabciyata ta ce, "Raƙiya, biki za ki yi ba ki gaya muna ba?" Inna ta ce, "Ku bar ta, taubashinta ne ya yi mata kayan ɗaki."

Bawan Allah, tassa na rubuta, ba tasa ba. Tassa rami ne. Ana haƙa shi cikin fako tun da rani, a tara ƙasar daga gefen gangare don ta tare ruwa, a zuba taki ciki. Gara ta bi takin ta huda ƙasa, in ruwa ya zo ya samu wurin zama. Duk yaron Adar ya san wannan. Ƙarfen da na roƙa diga ce, don fakon nan ya karya mini hauya biyu.

Amma ka ji, ban yi hushi ba. Na ɗauki kowace na duba bugun gudumarka, na san kwana nawa ka yi kana bin juji saboda wata da ka gani sau ɗaya. Na gode, Allah shi saka da alheri. Sai dai wata guda ya tahi, kuma ban haƙa ko rami ɗaya ba. Don Allah diga.

Raƙiya

Tawa, 10 ga Maris

Raƙiya,

Muna lafiya, ban da kunya. Na ga baƙi biyun nan na tsakiyar tassa da idona, na ɗauka irin naku ne na Adarawa da ba ku barin harafi ya zauna shi kaɗai. Ku da kuke cewa kassuwa, ina laifin wanda ya zaci tassa tasa ce? Talatu ta yi dariya har ta kai labarin ɗakin malamai, yanzu in na wuce ƙofar lakkol sai in ga ana nuna ni.

Ga diga. Daga ƙarfen sifirin na wata matacciyar mota na ƙera ta, in ta karye ki zo ki karya mini shago. Tasoshin kuma ki ba kaji ruwa da su.

Bitrus

Barmu, 8 ga Afrilu

Bitrus, gaisuwa a tsaye, Isufu na ta danna mini oda. Digarka ta yi, ramu arba'in sun haƙu, na dasa bayan salla. Tasoshinka kuwa duka yoyo suke, ko ɗaya ba ta riƙe ruwa! Kai, Allah shi yi maka albarka, ban taɓa ganin maƙeri irinka ba. Ƙaro mini ashirin da biyun nan, irinsu sak, da gaggawa. Bayani na tahe.

Raƙiya

Tawa, 1 ga Mayu

Zuwa ga Raƙiya.

Ina fatan kun yi salla lafiya, mu ma mun yi Ista lafiya. Ina ƙafar Inna?

Na karanta takardarki sau uku. Na san tsakaninmu akwai wasa, kuma na yarda na ci a yi mini dariya a kan tassa. Amma wannan ta shige ni. Shekara ashirin da shida ina sana'ar nan, ubana ya koya mini, ba a taɓa maido mini da kaya an ce yana yoyo ba. Na gaya miki tun farko ba ni da dalma. Ba sai kin haɗa da sa albarka ba, har da cewa in ƙaro irinsu sak. Kwana huɗu ban ɗaga guduma ba. Talatu ta ce wataƙila ba haka kike nufi ba, na ce mata ita ce dai ta ce a ciki za a dasa itace, ta bar ni da fassararta.

Bayanin da kika ce yana tafe bai zo ba. Sai na ce to, bari in wanke sunana. Na sa wani ɗan majami'armu mai zuwa Maradi ya nemo mini dalma, shi ya sa aka daɗe. Ga ashirin da biyu nan. Kowace na liƙe ta ciki da waje, na cika ta da ruwan randar Talatu a gaban idonta, ta wuni ba ta zubar da ko ɗigo ba. Ki aiko da sha takwas ɗin farko in gyara su.

Ban riƙe ki a zuciya ba. Na faɗi ne don ya fita.

Bitrus

Barmu, 4 ga Mayu

Ɗan'uwana Bitrus,

Assalamu alaikum. Inna da sauƙi. Ni ce ba lahiya ba tun da na karanta takardarka. Wallahi tallahi ba wasa na yi maka ba. Laifina ne, na saba da tsokanarka har ran da na faɗi gaskiya ta yi kama da tsokana. Doguwar takardar da na yi maka tana nan cikin aljihun motar Isufu, motar kuma ta yi sati biyu a kwance, sai jiya ya tuna ya maido mini ita duk ta sha man inji. Ka gafarce ni. Yanzu zamna ka ji.

Da na dasa, kowa ya ce na haukace, wa ke dasa itace cikin bazara? Kuma sun kusa yin gaskiya. Rijiyarmu ta ja ƙasa, sai mun ƙara igiya, abin da jakina ke iya kai mini tudu bido huɗu ne a wuni, jarka huɗu ke nan. In na zuba da sahe, kahin hantsi ramin ya bushe ƙaƙas, ganye ya langaɓe.

Wata rana na tahi da tasarka guda don ɗibar ruwa daga bido. Na cika ta na aje cikin rami gefen wata 'yar magarya, sai jakin ya tsinke ya nuhi gari, na bi shi. Ban komo ba sai la'asar. Na iske tasa wayam, na ce awakin wa sunka sha mini ruwa? Da na ɗaga ta, Bitrus, ƙasar da ke ƙarƙashi jiƙe take. Na tura yatsa, na tura hannu har wuyan hannu, laima ce. Ruwan ta wurin ninkin nan naka ya riƙa tsattsahowa kaɗan kaɗan, wuni guda, rana ba ta gan shi ba balle ta sha. Washegari wannan magaryar ce kaɗai ke tsaye da ganyenta a miƙe.

Na kwaso sauran, na faɗaɗa ramu, na binne kowace zuwa wuya gefen itacenta, na ruhe da karan hatsi. Sha takwas ɗin nan yanzu har toho suke, da rabin ruwan da nike ba su da. Ashirin da biyun da ba su da tasa su ne nike ta jiran ka. Bakwai sun mutu.

Masu dalmarka sun iso, kyawawa, ruwa na zamne cikinsu awa cikin randa, itace na mutuwa a gefe. Na huda guda da ƙusa, ruwan ya zube kahin in miƙe tsaye. Yoyonka nike so, wanda hannunka ya yi, ba na ƙusa ba. Ga su nan na maido. Layya saura wata guda. Don girman zumunci ka ɓata mini su yadda ka ɓata na farko.

Raƙiya

Tawa, 11 ga Mayu

'Yar'uwata Raƙiya,

Salama. Muna lafiya. Allah ya ƙara wa Inna sauƙi.

Na karanta wa Talatu takardarki da ƙarfi, na kai wurin bakwai ɗin da suka mutu sai na ajiye takardar. Fushina ne ya kashe su, sati ukun da na yi ina neman dalma don in burge ki. Ni ne mai neman gafara. Talatu ta kalle ni irin kallon da take yi wa ɗan aji in ya gane lissafi bayan an tashi.

Na hura wuta na narke dalmar da na sha wahalar nema, na ɓamɓare gindin kowace na sake ninkewa. Ashe ɓata aiki da gangan ya fi gyara shi wuya. In na buga da yawa ta toshe, in na sassauta ta zube. Sai da na jera su a inuwa na cika da ruwa, ina duba wadda ta kai la'asar. Ruwan Talatu ne, ita da kanta ta riƙa ɗebo mini, ta sa tukwanen tattasanta a ƙarƙashi don kada ɗigon ya tafi a banza. Yanzu hannuna ya gane: bugu uku a kowane taƙi, a bar na huɗu.

Na yi musu marufi da ragowar gwangwani, ya fi kara hana rana sha. Wadda kika huda na toshe ta. Amma ashirin da ɗaya na ƙirga a buhun, ki tambayi Isufu ko matarsa ta yi sabuwar tasa.

Abin da ke ba ni mamaki, da ina da dalma a watan Fabrairu, da na yi miki tasoshi na ƙwarai, da yanzu duk itacenki sun bushe. Na gode wa Allah da ya hana ni ita. Ke ma na gode miki, da kika ɗaga tasar kika duba ƙarƙashinta maimakon ki jefar.

Bitrus

Barmu, 12 ga Yuni

Zuwa ga taubashina Bitrus, sarkin masu yoyo.

Assalamu alaikum. Mun yi Layya lahiya, ga rabonku na nama nan soyayye cikin gwangwanin madara, kada Isufu ya ce maka bai gani ba. Inna ta taka da ƙafarta har ƙofar gida.

Muktari ya iso ana jibi salla. Bai ko huta ba ya ce mu tahi tudu, kuma tare da shi akwai mutumin masu tsakuwa, da takalminsa mai tsini. Biyu sun ƙara mutuwa kahin tasoshinka su kama aiki, saura talatin da ɗaya, kuma duk ba su wuce gwiwa ba. Na ce a raina, wanga zai ce wannan ba kore ba ne.

Muktari ya tsaya bakin gona ya dubi itacen. Sannan ya ce, "Mi ne ne wanga ƙarfe da kinka binne?"

Na ce, "Tasa ce, Yaya."

Ya ce, "Tassa dai."

Na ce, "Duka biyun."

Ya duƙa ya ɗaga marufi, ya ga ruwa. Ya ciro tasar ya ga tana ɗiga, ya ce, "Wane maƙeri ne ya cuce ki haka?" Na ce ya sa hannu cikin ramin. Ya sa. Ya ɗebo ƙasar ya dunƙule ta, ta dunƙulu, ya kai hanci ya shinshina. Ya ce rabonsa da jin ƙanshin gonar nan tun Baba na da ƙarfi. Mai takalmi ya fara magana kan mota nawa ta tsakuwa za ta hita, Muktari bai ko waiwaya ba, ya ce mishi, "Malam, ka yi haƙuri, ba ta sayarwa ba ce." Ni kuwa na zamna ƙasa na yi ta kuka, ba kunyar kowa.

Yau kwana uku digarka tana hannunsa, yana haƙa tassa ta hatsi tsakanin itacen kahin ruwa shi sauka. Hannunsa duk ya yi kanta, yana ta mita, amma bai aje ba.

Sai ka shirya guduma. Zuhura na son goma, wasu mata biyu daga ƙauyen Afala sun taho sun gani suna son nasu, kuma na gaya musu duk mai sayen magarya wurina da tasarta za ta tahi. Na ce su riƙa cewa "mai yoyo" da babbar murya, don maƙerin ba ya ji, kuma ko ya ji sai ya gyara.

Bitrus, ban san da wane baki zan gode maka ba. Takarda ɗaya na yi wa mutumin da na gani sau ɗaya, ya bi juji saboda ni, ya narke dalmarsa saboda ni. Allah shi ji ƙan Kaltumi da Alƙasum da sunka bar muna juna.

Ka daina zargin matar Isufu. Ni na ɓoye guda cikin masu dalmar, wadda ba ta zubar da ko ɗigo. Ba ta da wani amfani a gona. Na wanke ta na kife bisa rumbu, ba mai taɓa ta. Ran da kunka taho kai da Talatu ganin itacenku, cikinta zan dama maka hura, mai kauri.

Taubashiyarka,
Raƙiya